Nasiha Ga 'Yata Mai Son Karatun Ruwa

 Na ji kin ƙudurta karatun kimiyyar ruwa, kuma teku ce a ranki. An ce ba ki da zance sai na murjani, ɗan'uwan na wuyan amare, mai rai a ƙarƙashin ruwan gishiri. Na yi murna ƙwarai. Matso kusa, ba sauri muke yi ba.

Abin da ya ja hankalinki ya isa ya ja. Murjani ƙananan halittu ne masu gina gidansu da kansu, gida kan gida, har ya zama tsauni a cikin teku. A jikinsu akwai wani ɗan mitsitsin tsiro da ke ciyar da su, shi ne kuma ke ba su launi. In ruwa ya ɗara zafin da suka saba, ko da digiri 1 ne, ya yi makonni a haka, sai su rabu da tsiron nan su yi fari fat. In zafin bai sauka ba su mutu. Kifin da ke fakewa a wurin ya watse, masunta su koma gida hannu rabbana. Haka ta faru a tekuna da yawa a 1998, ta sake faruwa a gaɓar Ostireliya a 2016. Su wa suka sanar da duniya? Mutane ne da suka yi shekara da shekaru suna komawa wuri guda, suna ƙirgawa, suna rubutawa. Ba don littafinsu na bara da na bara waccan ba, da ba wanda zai iya cewa ga yawan abin da aka rasa.

To, 'yata, irin wannan aikin yana nan a ƙofar gidanku. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

A 1968 aka datse Kwara a Kainji. Ruwa ya taru, ya yi baya sama da kilomita 130, har ya iso Yelwa. Tsohuwar Busa ta nutse. Gungu da yawa na Gungawa suka nutse, da gonakin albasarsu. Mutum sama da 40,000 aka tayar aka sake wa matsuguni. A shekarar ce kuma aka soma aikin binciken tafkin, da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya. Aikin ya zama cibiya a 1975, a 1987 kuma ya zama cibiyar ƙasa ta binciken kifin ruwan daɗi, wadda ake kira NIFFR, a Sabuwar Busa. Kusa da ita akwai kwalejin tarayya mai koyar da sana'ar kifi. Ba su fi ƙarfin tafiyarki ba.

Ki ji abin da littafin masu binciken tafkin ya adana. Da tafkin ya cika, ciyawa da itacen da ruwa ya cinye suka zama abinci, kifi ya yi yawa. A 1971 an kama sama da tan 28,000. Masunta suka yi ta zuwa daga ko'ina, kowa da kallinsa. Zuwa 1978 kamun ya sauko ƙasa da tan 5,000. Kowane masunci ya ji a jikinsa, amma kowa kwale-kwalensa kaɗai ya sani. Masu awo ne suka haɗa labarin wuri guda.

Daga 1993 aka yi wani aikin haɗin gwiwa da Jamusawa. Suka bi tunga-tunga, ta ɓangaren Kebbi da ta Neja, suna ƙirga jirage da komaye, suna auna kamu a bakin ruwa. Awon ya nuna ɓarnar dala, babban tarun nan mai ƙaramin ido da ake ja zuwa gaɓa. Ƙananan kifin da ake shanyawa ake nema da shi, amma ba ya zaɓe. Yana kwaso 'ya'yan giwan ruwa da na faliya da na karfasa tun ba su kai ko'ina ba. A ƙarshen shekarun 1990 aka hana shi. Ba a ji daɗi ba, don akwai gidajen da shi ne abincinsu, kuma ni ban ga laifin mai neman abin da zai ba iyalinsa ba. Inda hanin ya yi tasiri, sai da aka zauna da hakimai da sarakunan ruwa, aka nuna musu lissafi, suka yarda. Ki riƙe wannan da kyau. Takarda ba ta hana masunci shiga ruwa, sai maganar wanda ya amince da shi.

Saboda haka in kin je bakin ruwa, ki gaida Sarkawa gaisuwar ɗa da uba. Ki ce "Baba, sannu da aiki," ki saurara kafin ki buɗe jaka. Dattijon da bai taɓa riƙe biro ba ya san farin ruwa na damina, wanda ke saukowa da laka daga ƙasar Sakkwato da kewaye. Ya san baƙin ruwa na lokacin sanyi, wanda ya taso tun daga tsaunukan Gini, ya sauke lakarsa a fadamun Mali, ya iso mana garau bayan watanni. Ya san inda yauni ke yin sheƙa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ke kuma kina da wata ƙofa da maza ba su da ita. Matan da ke yin banda su ne kifi ke bi ta hannunsu ɗaya bayan ɗaya. Sun riga kowa sanin cewa tarwaɗar bana ba ta kai ta da girma ba. Ki shiga cikin gida ki zauna da su.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wato gubar da ido ba ya gani. Ta gamalin kowa ya san ta. A zuba a ruwa, kifi ya taso, babba da ƙarami, a kwashe a kai kasuwa, a ci da yara. Akwai kuma feshin gona. Kowace shekara tafkin na ja da baya, manoma su bi danshi su shuka, su yi feshi, ruwa ya dawo ya wanke. Ga ledar da ke cika magudanun Yelwa, ƙarshenta Kwara. Sai zinari. Allah ya ajiye shi a ƙasar Yawuri, samari kuma na neman halalinsu. Amma zaibar da ake kama zinari da ita ba ta ruɓewa. In ta shiga rafi ta kwanta a laka, sai ta rikiɗe ta ƙara dafi. Ƙaramin kifi ya ɗauka, babba ya haɗiye ƙarami, ta yi ta taruwa har ta kai ga giwan ruwan da muke alfahari da shi. Wuta ba ta fitar da ita, banda ba ta fitar da ita. Wanda ta fi cutarwa shi ne jaririn da ke ciki. A garin Minamata na ƙasar Japan, a 1956, ta hanyar kifi aka ga mugun aikinta. Mu ma a nan kusa mun ga na dalma a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu kafin a shawo kan abin. Rigakafi ya fi magani, rigakafin nan kuwa awo ne a kai a kai.

In kin auna, ki rubuta abin da kika gani. Kada ki ƙara don a ji tsoro, kada ki rage don wani babba zai ji haushi. Lamba ɗaya ta ƙarya tana iya sa a hana talaka abincinsa a banza, ko a bar mai ciki tana cin abin da zai cutar da ita. Wannan amana ce, Allah kuma zai tambaya. Aikin ba ya kawo kuɗi da wuri, wani lokacin injin awo zai lalace a rasa na gyara. Ki yi haƙuri. Sannu ba ta hana zuwa.

Af, kafin in manta, ki koyi iyo, kuma kada ki taka jirgi ba rigar kariya. Ba mu manta da hatsarin jirgin ruwa na Warra a watan Mayun 2021 ba.

Ban ce ki cire teku a ranki ba. Kwara can take ƙarewa, da duk abin da muka zuba mata. A Legas akwai cibiyar binciken teku tun 1975, bayanta kuma duniya na da faɗi. In Allah ya buɗe, ki je da yardarmu. Sai dai duk abin da kika gano, ki iya faɗarsa da Hausa yadda innarki mai banda za ta gane.

Hutun nan da ke tafe, ki sayi littafi mai kauri. Ki nemi izinin mahaifinki, ki je mashigar jirage da sassafe, ki gaida Sarkin Ruwa. Ki rubuta kwanan wata, da sunan kifi, da tsawonsa, da irin komar da ta kamo shi. Gobe ma ki koma. Allah ya ba ki ilimi mai amfani, 'yata.