Dutsen Ƙarƙashin Teku da Kamfas ɗin da Ya Daskare a Cikinsa

'Yan'uwa ɗalibai, musamman 'yan sashen ma'adinai da masu karatun kimiyyar ɗakin gwaji, akwai wani ɗan lissafi da nake son ku riƙe kafin jarrabawa: tan I = 2 tan L. Kafin mu kai gare shi, bari mu fara da dutsen.

A tsakiyar tekun Atlantika akwai dogon tsauni a ƙarƙashin ruwa, inda narkakken dutse ke ɓullowa daga cikin ƙasa, ya haɗu da ruwan sanyi ya daskare ya zama baƙin dutsen da ake kira basalti. Irinsa ne muke da shi a tudun Biu, sai dai namu a sarari ya huce. A cikin basalti akwai ƙananan ƙwayoyin ma'adinin ƙarfe. Muddin dutsen yana da zafi sosai, maganaɗisun ƙwayoyin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Da zarar zafin ya sauka ƙasa da wani mataki, wanda ake kira zafin Kuri, sai su fuskanci inda maganaɗisun duniya yake nunawa a lokacin, su kafe a haka. Ga magnetait tsantsa matakin yana wajen digiri 580 ne. Na ƙarƙashin teku kuwa yana da gaurayen titaniyam, don haka nasa matakin kan sauko har wajen digiri 150 zuwa 200.

To, a 1963 Fred Vine da Drummond Matthews na Jami'ar Kambirij suka bayyana cewa ƙasan teku yana da zane-zanen maganaɗisu kamar na jakin dawa: wani layi yana nuna arewa, na kusa da shi yana nuna kudu, kuma zanen gefen dama daidai yake da na hagu. Dalili shi ne maganaɗisun duniya yakan juya, arewa ta koma kudu (na ƙarshe ya faru kimanin shekara 780,000 da suka wuce), ƙasan tekun kuma yana buɗewa a hankali. Amma daga saman ruwa aka auna wannan. Bayan jirgin haƙa mai suna Glomar Challenger ya fara aiki a 1968, an riƙa ciro dutsen daga zurfi ana riƙe shi a hannu.

Nan ne aikin yake da wuya. Bututun haƙa juyawa yake yi, saboda haka sandar dutsen da aka ciro ta riga ta wulwula, ba wanda zai ce ga ɓangaren da ke kallon arewa. Ga shi kuma ƙarfen haƙar kan shafa wa dutsen nasa maganaɗisun, sai an goge shi kaɗan-kaɗan a ɗakin gwaji kafin na asali ya fito. Ruwan teku ma yana cin ƙwayoyin ƙarfen kamar tsatsa, ƙarfinsu ya ragu yayin da dutsen ke tsufa. Abu ɗaya ne juyawar bututu ba ta ɓatawa: sama da ƙasa. Shi ya sa ake dogara da sunkuyawar maganaɗisun, wato I a lissafinmu. A layin ikwaita allurar kwance take, a ƙuryar arewa kuwa tsaye take tana nuna ƙasa. L shi ne latitud ɗin da dutsen ya huce.

Ku ɗauko kalkuleta. Tsibirin Hawai yana wajen digiri 19 arewa. tan 19 ya ba mu 0.344, ninki biyu 0.689, wato sunkuyawa kusan digiri 35. Shekaru da dama ana koyar da cewa matattarar zafin da ke ƙarƙashin Hawai a kafe take, ƙasan tekun Fasifik ne ke wucewa ta kanta, tana huda shi tana barin jerin tsaunuka. In haka ne, duk tsaunin da ke jerin dole ya nuna digiri 19, komai nisan da ya yi yanzu.

A 1977 aka haƙa tsaunin Suiko, mai shekara sama da miliyan 60, dutsen ya nuna kusan digiri 27. A 2001 jirgin JOIDES Resolution ya haƙa wasu tsaunukan jerin; na Detroit, wanda ya girmi Suiko, ya nuna wajen digiri 33. John Tarduno da abokan aikinsa suka wallafa a 2003 cewa matattarar zafin ita ma ta yi tafiya kudu. Tazarar digiri 8 ta Suiko kaɗai, in kun ninka da kilomita 111, ta kusa kilomita 900. A ganina wannan ne mafi daɗi a darasin: 'yan sandunan dutse suka sa aka gyara abin da ke rubuce a littattafan makaranta.

Gargaɗi ɗaya, don malamai na son kama mutum a nan. Lissafin ba ya aiki da samfur guda, domin maganaɗisun duniya yana ɗan yawo daga ƙarni zuwa ƙarni. Sai an auna shimfiɗun dutse masu yawa da suka kwarara a lokuta daban-daban, a fitar da matsakaici.

Ga na gwaji: matsakaicin sunkuyawa digiri 52 ne. A wane latitud dutsen ya huce, kuma wane tsauni ne cikin biyun da na ambata?