DARASI DAGA TUKUNYAR KAKA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Mai ciyar da bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ɗalibai, da ku iyayenmu masu karanta wannan mujalla, darasinmu na wannan fitowa daga madafa za mu ɗauko shi. Kada wani ya ce me ya haɗa malami da muciya. Ku dai biyo ni.

Na tashi a hannun kakata ta wajen uba, muna ce mata Iya, Allah Ya jiƙanta. Tuwon dawa da miyar kuka shi ne abincinmu na dare, amma har yau ban ci mai daɗin nata ba. Ga yadda na ga tana yi.

Da fari a surfa dawa a turmi, a bakace, a wanke, a shanya, a niƙa, sannan a tankaɗe. In ruwa ya tafasa, sai ta dama gari kaɗan da ruwan sanyi ta zuba, wannan shi ne talge. In ya dahu sai ta riƙa barbaɗa gari tana tuƙawa da muciya har ya yi ƙarfi, ta rufe ya sulala, sannan ta kwashe da mara.

Ita kuwa miya, ganyen kuka a inuwa take shanya shi don kada korensa ya dushe. Takan daka daddawa da barkono da citta da masoro, ta zuba cikin ruwa tare da albasa, da gishiri, da busasshen kifi in an samu. Sai ƙamshin daddawa ya tashi sannan take kaɗa kuka, kaɗan-kaɗan, tana burgawa da maburgi don kada ta yi gudaji. A ƙarshe a sa man shanu. Daddawar ma da kanta take yi daga kalwa, wato 'ya'yan ɗorawa: a dafa su yi laushi, a cire ɓawo, a wanke, a sake dafawa, a rufe da ganye kwana biyu zuwa uku, sannan a daka a shanya.

To, ina darasin? Ku lura da abubuwa uku.

Na ɗaya, Iya ba ta taɓa kwashe tuwo ta fara da mu ba. Malmalar farko ta wata tsohuwa ce maƙwabciyarmu da ba ta da kowa, ni nake kai mata. Wata rana na ce, "Iya, yau fa miyar ba ta da yawa." Sai ta yi dariya ta ce, "Maigidana, rowa za ka koya mini? Miƙo mini ludayi." Ta ƙara ruwa, ta ƙara kuka, aka kai. Sai da na girma na karanta a cikin Sahihu Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya umurci Abu Zarri (RA) da ya yawaita ruwan romo in ya dafa, ya ɗiba wa maƙwabtansa. Iya ba ta san littafin ba, amma kullum tana aiki da shi.

Na biyu, ba a zubar da abinci a gidanta. Tuwon da ya kwana shi ne ɗumamen safe. Ƙanzo a shanya shi a ajiye. Dusa ta awaki ce. Allah Ya hana mu almubazzaranci wajen ci da sha a Suratul A'araf, aya ta 31. Kai da ke barin rabin kwano don an sake yin tuwo, ka yi tunani.

Na uku, ladabin ci. Akushi ɗaya muke ci, a wanke hannu, a yi Bismillah, a ci da dama, kowa ya ci gabansa. Waɗannan ukun na ƙarshe su ne Annabi (SAW) ya koya wa Umar ɗan Abu Salama (RA) yana yaro, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito.

Yanzu ga abin da ke damuna. Iya ba ta awo, da ido da hannu take sanin daidai. Akwai wani ɗan ƙulli na kayan ƙamshi da take sa wa miya in an yi baƙo. Ba wanda ya tambaye ta abin da ke ciki, muna ganin kullum tana nan. Da ta rasu ƙannen babana suka gwada, suka kasa. Ilmin ya tafi da mai shi.

Saboda haka ga aikin gida ga kowa, mace da namiji:

1. Ka je wurin kakarka ko wata tsohuwa a danginku, ka durƙusa ka gaishe ta, ka roƙe ta ta koya maka girki guda.
2. Ka rubuta kayan haɗi da yadda ake yi, daki-daki, da ajami ko da boko.
3. Ka tambaye ta wa ya koya mata, kuma wa take kai wa in ta dafa.
4. Wanda kakarsa ta rasu, ya tambayi mahaifiyarsa, kuma ya yi wa mamaciyar addu'a.

Iyaye, don Allah ku taimaka musu. A kawo ranar Asabar.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa albarka a cikin abin da Ya azurta mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.