Halitta da Sababi: Darasi a kan Maganar Darwin da Masu Ja da Ita

 

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata damuwa da iyaye suke yawan kawo mana a Barmu da Tawa. Ƴaƴansu da ke lise suna dawowa hutu da labarin cewa an karantar da su dabbobi da tsirrai sun samo asali ne daga juna a cikin miliyoyin shekaru. Wasu iyaye har sun fara shawarar cire yara daga makaranta. Wasu matasa kuma sun tsinci wata amsa a wayoyinsu, wato wani ra'ayi da ya fito daga Amurka wanda ake kira “tsarin mai hikima”, suna yaɗa shi tamkar shi ne aƙidar Musulunci. To, ya wajaba mu rabe abin da ido ya tabbatar da abin da yake da'awa ce kawai, a ɓangarorin biyu.

Mu fara da ƙasar da muke takawa. Duk wanda ya taɓa haƙa rijiya ko fasa dutse a tuddan Adar ya san ana samun bawon katantanwa da haƙoran kifaye sun zama dutse, a wurin da babu kogi balle teku. Farin dutsen da kamfanin Malbaza yake ƙonawa ya yi siminti, a ƙarƙashin ruwan teku ya taru. A yankin Kao, arewa da mu, an tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku da masana suka ce ya rayu kimanin shekara miliyan 70 da suka wuce, aka sa masa suna Igdamanosaurus a 1991, kuma an samu danginsa a yankin Goronyo ta ƙasar Sakkwato. Musun waɗannan abubuwa ba kare addini ba ne. Aya ta 20 ta Suratul Ankabut ta umarce mu da tafiya a bayan ƙasa domin mu duba yadda aka fara halitta. Alƙur'ani bai faɗi shekarun duniya ba, kuma ya nuna mana a Suratul Hajji da Suratul Ma'arij cewa kwana a wurin Allah ba irin namu ba ne. Lissafin shekara 6,000 da wasu suke riƙewa ya shahara ne ta hannun wani limamin Kirista mai suna Ussher a 1650, ba daga malamanmu ya fito ba.

Charles Darwin, mutumin Ingila, ya fitar da littafinsa a 1859. Gundarin maganarsa shi ne ƴaƴan kowace halitta ba su zama iri ɗaya sak, wanda ya fi dacewa da muhallinsa shi ke rayuwa ya hayayyafa, kuma idan zamani ya yi tsawo sai irin ya sauya. Manomi bai buƙatar a fassara masa rabin wannan magana. Ya san bambancin hatsin da kakanni suka yi ta zaɓen zangarniyarsa da shibra mai zubar da tsabarta tun kafin girbi, ya kuma san albasar Galmi da shanun Azawak zaɓen iri ne ya kai su inda suke. Nibakin da muka sha muna yara tana kashe zazzaɓin cizon sauro, amma ƴan ƙwayoyin cutar da suka jure mata su ne suka yi saura suka yaɗu, har ta daina aiki, hukumomin lafiya suka canza magani a shekarun 2000. Wannan sauyi ne da ya faru a jikinmu, ba labari aka ba mu ba.

Sai dai wasu mabiya Darwin sun ɗora wa binciken wani kaya da ba nasa ba, suka ce tunda an gano hanyar da sauyi yake bi, to babu Mahalicci. Wannan ba sakamakon awo ba ne, falsafa ce, kuma kafirci ne ƙarara.

Domin mayar da martani ga irin waɗannan ne masu “tsarin mai hikima” suka tashi. Hujjarsu tsohuwa ce. A 1802 William Paley ya buga misali da agogon da aka tsinta a daji, wanda dole a ce akwai maƙerinsa. Tun kafin shi da ƙarnoni, Ibnu Rushdi, wanda ya rasu a 1198, ya kafa hujja da dacewar halittu da bukatun ɗan Adam. Har nan babu saɓani tsakaninmu. Abin da suka ƙara shi ne matsalar. A 1996 Michael Behe ya ce akwai gaɓoɓi a jikin ƙananan halittu, kamar wutsiyar da bakteriya take juyawa ta yi iyo, waɗanda ba su aiki sai dukan sassansu sun cika, saboda haka ba za su samu da kaɗan-kaɗan ba, dole wani mai hikima ya sa hannu a daidai wannan wuri. Masana suka amsa da cewa wani sashe na wutsiyar yana kama da wata allura da wasu bakteriya suke amfani da ita don wani aiki dabam. A Disamba 2005, a shari'ar makarantun garin Dover ta jihar Pensilbaniya, alƙali John Jones ya yanke hukuncin cewa ra'ayin ba kimiyya ba ne, ya hana a shigar da shi darasin kimiyya.

Hukuncin kotun Amurka ba ya ɗaure mu. Abin da ya hana mu rungumar wannan ra'ayi yana cikin littafin da ake karantawa a zaurukanmu, wato Ummul Barahin ta Imam Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490. Malamin da masu sharhinsa sun raba hukunci gida uku: na hankali, na shari'a, da na al'ada. Hukuncin al'ada shi ne haɗa abu biyu saboda an saba ganinsu tare, kamar wuta da ƙuna, abinci da ƙoshi, ruwan sama da tsiro. A aƙidar Ahlus Sunna wuta ba ta ƙonawa da ikon kanta, Allah ne yake halittar ƙunar a lokacin da suka haɗu. Ashe ke nan duk abin da masanin kimiyya ya gano sababinsa, al'adar Allah ce a cikin halittarsa ya gano, bai fitar da abin daga hannun Mahalicci ba.

Ku lura da kyau, domin a nan ne bambancin yake. Mai “tsarin mai hikima” yana neman Allah a wurin da bincike ya tsaya, kamar dai ya yarda cewa abin da aka gano sababinsa ya yi kansa da kansa. Idan gobe aka warware sirrin wutsiyar bakteriya, yaron da ya jingina imaninsa a kanta ina zai dafa? Likitoci sun san matakan jariri a cikin mahaifa mako bayan mako, amma babu Musulmin da ya ce saboda haka ba Allah ne ya halicce shi ba. Haka nan mutanen nan suna ƙin ambaton sunan mai tsarawar, don su samu shiga makarantun gwamnatin ƙasarsu. Mu kuwa Ubangijinmu sananne ne da sunayensa da siffofinsa. Kuma a yi hattara da littattafai masu ƙyalli na Harun Yahya, ɗan Turkiyya, waɗanda aka aika makarantun Faransa a 2007: an samu hoton ƙwaron roba na masu fatsa a ciki an nuna shi a matsayin halitta mai rai, shi kansa marubucin kotu ta ɗaure shi a 2022 kan laifuffuka masu nauyi.

Wannan matsayi ba sabo ba ne. A 1888 Shehu Husaini al-Jisr na Tarabulus ta ƙasar Sham ya bayyana a littafinsa Risalatul Hamidiyya cewa ko da sauyin halittu ya tabbata da hujja yankakkiya, ba zai rushe imani ba muddin an yarda Allah ne Mai aikatawa.

Inda muke tsayawa da ƙarfi shi ne asalin mutum. Masana ba su ce birin da muke gani shi ne kakanmu ba, cewa suka yi mutum da manyan birai sun haɗa kaka a can baya, suna kafa hujja da ƙasusuwa da kamannin ƙwayoyin gado. Mu kuwa nassi ya zo mana a sarari a Suratul Hijri da Suratu Sad cewa an halicci Annabi Adamu (AS) daga yumɓu, aka busa masa rai, aka umarci mala'iku su yi masa sujada. Aya ta 59 ta Ali Imrana ta kwatanta halittarsa da ta Annabi Isa (AS), wanda aka haifa ba uba. Wanda ya shimfiɗa al'ada yana da ikon keta ta, kuma keta al'ada ba abu ne da ake aunawa a ɗakin gwaji ba.

Ɗalibin da aka tambaya a jarrabawa ya rubuta abin da aka karantar da shi, yana jingina maganar ga masu ita, babu laifi a kansa, domin ruwaito magana dabam ne da ƙudurce ta. Iyaye kuma kada su cire yara daga makaranta a kan wannan darasi, alhali asibitocinmu suna neman likitoci da unguwarzoma. Abin da muke ba da shawara shi ne idan babban hutu ya zo a tura su zaure su karanta Ummul Barahin a gaban malami, a tsaya musu a kan hukuncin al'ada har su fahimce shi. Allah ne Mafi sani.