Darasin Kimiyya: Ƙaba Bayan Tiyatar Rage Ƙiba, Yaushe Ake Sake Yin Aiki?

Ɗalibai, darasinmu na yau yana kan ƙabar da kan biyo bayan tiyatar rage ƙiba, da yadda likitoci ke yanke shawarar a sake buɗe mutum ko a dakata.

Matashiya

Ƙaba ita ce hanji, ko kitse, ko wani ɓangare na tumbi ya kutsa ta wata kafa ya shiga inda ba mazauninsa ba. Tiyatar rage ƙiba kuwa iri biyu ce ta fi yawa. A ta farko ana yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi a bar shi siriri. A ta biyu, wadda Dokta Edward Mason ya fara a Jami'ar Iowa ta Amurka a 1966, ana ware ɗan ƙaramin aljihu a saman tumbi a haɗa shi kai tsaye da ƙaramin hanji. Ƙaba iri uku ce kan biyo baya, kuma kowace da nata hukuncin.

1. Ƙabar wurin ɗinki

Wannan tana fitowa ne a bangon ciki, inda wuƙa ta bi. Za ka ga kumburi yana turowa idan mutum ya yi tari ko ya ɗaga kaya, ya kwanta kuma ya koma. Ta fi samun waɗanda aka yi wa doguwar tsaga fiye da waɗanda aka yi wa aiki ta ƙananan huji da kyamara.

Ba ta warkewa da kanta, amma in tana komawa kuma ba ciwo, likita kan ce a jira. Nauyi yakan daidaita ne tsakanin wata 12 zuwa 18 bayan tiyatar farko, kuma ɗinkin da aka yi ciki na cike da kitse ya fi saurin ɓallewa. Kafin aiki ana so a daina taba aƙalla mako 4, a daidaita sukari, a gyara ƙarancin jini da na furotin, domin mai ƙaramin tumbi abincinsa kaɗan ne, naman da bai ƙoshi ba kuwa ba ya riƙe zare. Galibi ana shimfiɗa raga ta musamman don ta ƙarfafa wurin.

2. Ƙabar ɓoye

Ita ce mafi haɗari, domin ba a ganin kumburinta. Idan aka sauya wa hanji hanya, kamar a tiyata ta biyu, wasu kafofi kan buɗe a tantanin da ke riƙe shi. Ɗaya daga cikinsu tana ɗauke da sunan Petersen, likitan Jamus da ya bayyana ta a 1900. Da mutum ya rame, kitsen da ya cike kafar sai ya narke, ta yi faɗi, hanji ya zurma ciki ya murɗe kamar wankin da ake matsewa. Jini ya daina isa gare shi, cikin 'yan sa'o'i sai ya fara ruɓewa.

Alamarta ciwon ciki ne mai zuwa yana tafiya, musamman bayan cin abinci, tare da tashin zuciya ko amai. Hoton CT kan nuna jijiyoyin hanjin a nannaɗe, amma wani lokaci hoton ya fito lafiya lau alhali cutar tana nan. Saboda haka in ciwon ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, likita kan leƙa da kyamara. Wani bincike da aka yi a Suwidin kan mutum kusan 2,500, aka buga a 2016, ya nuna cewa ɗinke kafofin tun a tiyatar farko yana rage yawan sake aiki saboda toshewar hanji. Mai juna biyu ta fi shiga haɗari, don mahaifa tana tura hanji sama.

3. Ƙabar shamakin ƙirji

A nan saman tumbi ne ke hawa ƙirji ta kafar da maƙoshi ya bi. Alamarta ƙwannafi ne da dawowar abinci, kuma an fi kuka da ita bayan tiyata iri na farko. Ana fara gwada magani. In ya gaza, sai a tsuke kafar, ko a mayar da tiyatar zuwa iri na biyu.

Kammalawa

Sake tiyata ya fi aikin farko wuya, saboda tabo kan manne hanji da juna. Don haka likita yakan auna irin ƙabar, da tsananin alamun, da ƙarfin jikin majiyyaci. Ta bangon ciki da ta shamaki suna ba da lokacin shiri, ta ɓoye ba ta bayarwa.

Ku riƙe wannan: duk wanda aka taɓa yi wa tiyatar rage ƙiba, in ya ji matsanancin ciwon ciki da amai, ko kumburinsa ya taurare ya ƙi komawa, kada ya tsaya jiƙe-jiƙe ko jiran gari ya waye. A garzaya da shi asibiti, kuma ya faɗa wa likita irin tiyatar da aka yi masa.