Amsoshin Tambayoyinku: Magani Biyu a Kwanso Ɗaya

Tambaya: Malam, mahaifina yana karɓar maganin ciwon daji ta ƙarin ruwa, kala uku a rana ɗaya. Na ji an ce yanzu ana ɗura magani biyu cikin wasu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. Mene ne amfanin haka, tunda duk jini ɗaya za su shiga? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, Malama, ku kuma ya saka muku da alheri kan jinya.

Haɗa magunguna ba sabon abu ba ne. Tun shekarun 1960 likitoci a Amurka suka lura cewa idan aka buga wa ciwon daji magani ɗaya, wasu ƙwayoyin cutar kan tsira su sake hayayyafa. Idan aka haɗa biyu ko uku, kowanne da inda yake kai sara, tsira ta yi musu wuya.

Matsalar tana farawa ne bayan maganin ya shiga jijiya. Wasu magungunan ba sa ƙarfafa juna sai an haɗa su bisa wani awo, kamar siminti da yashi a hannun magini. To amma jiki ba ruwansa da awon likita. Wani maganin nan da nan ake narkar da shi a fitar, wani ya daɗe yana yawo. Kafin su isa wurin cutar awon ya wargaje, har wani lokaci ɗaya ya rage wa ɗaya ƙarfi.

Nan kwanson, wato ƙananan ƙwayoyin da kika ji labari, yake shigowa. Wanda aka fi sani shi ne lifosom, ɗan kumfa ne na kitse mai faɗin kusan nanomita 100, wato sai an jera 10,000 kafin su cika milimita ɗaya. Yana riƙe magungunan biyu a cikinsa, su tafi tare, su isa tare.

Wanda ya kai ga marasa lafiya shi ne Vyxeos, da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2017 don wasu nau'o'in sankarar jini mai saurin tsananta. Yana ɗauke da sitarabin da daunorubisin, kashi 5 da 1, kuma awon yana nan a jini fiye da awa 24. An yi gwaji kan mutum 309 masu shekara 60 zuwa 75: wasu aka ba su shi, wasu kuma aka ba su magungunan biyu a tsohon tsari, ba kwanso. Rabin waɗanda suka karɓe shi sun wuce wata 9.6 a raye, a tsohon tsari kuwa wata 5.9 ne. Bayan shekara 5, kashi 18 cikin 100 na raye, a ɗaya ɓangaren kashi 8. Abin sha'awar, magungunan nan biyu tun shekarun 1970 ake haɗa su. Mazubi kawai aka sauya.

Kada dai masu zuzutawa su ruɗe ki. Vyxeos ba ya rasa illa: ƙwayoyin jini kan daɗe ba su farfaɗo ba, ga haɗarin zubar jini, ga ɗan karen tsada. Sankarar jini kuma a jini da ɓargo take, inda kwanso ke isa cikin sauƙi. Ƙarin mama ko na hanji daban ne. Wani nazari na Jami'ar Toronto a 2016, kan gwaje-gwajen dabbobi, ya nuna kusan kashi 0.7 cikin 100 ne kawai na abin da aka yi allurarsa ke isa ƙari. Hanta da saifa ke kwashe kaso mai yawa.

Kala ukun da ake ba Baba ba koma baya ba ne, shi ne tsarin da ake bi a manyan asibitocin duniya. Ki tambayi likitansa sunan kowane magani da aikinsa, kuma kada a tsallake ranar ƙarin ruwa sai da izininsa.