Baƙon Da Ya Komo

Karatu: Luka 17:11-19

In kana zaune a Abidjan, ka san yadda gari yake wayewa a Adjamé. Yaran gbaka suna kiran fasinja, mata suna nufar kasuwa da kaya a ka, motoci sun cushe a mahaɗar Indénié, wasu kuma suna neman ƙetare gada zuwa Treichville. Kowa sauri yake yi. A cikin irin wannan sauri ne godiya takan ɓace mana.

A nassinmu na yau, kutare 10 sun roƙi Yesu ya ji tausayinsu. Ya aike su wurin firistoci, gama bisa ga Shari'ar Musa firist ne yake tabbatar da cewa kuturu ya tsarkaka kafin ya koma cikin jama'a. Suna cikin tafiya sai suka warke. Ka lura, taran nan ba mugaye ba ne. Sun ba da gaskiya, sun kuma bi umarni. Mai yiwuwa iyali da sana'a ne suke ransu. Amma ɗaya kaɗai ya juyo ya faɗi a gaban Yesu da godiya, shi kuwa Basamariye ne, baƙo. Dukansu sun karɓi kyauta, shi kaɗai ya komo wurin Mai bayarwa.

Kai ma baƙo ne a wannan birni, ko ɗan baƙo. Mene ne ka karɓa yau ba ka juyo ba?

Ka dubi gidanka. Yaron da ya hana ka barci da kuka, yana da numfashin yin kukan. 'Yarka ta dame ki da tambayoyi kina tsakar girki, domin ta amince da ke ne. In 'ya'yanmu ba su ji kome a bakinmu ba sai gunaguni a kan kuɗin haya da tsadar shinkafa, gunagunin za su gada. In sun ji muna godiya a kan kwanon aceke da guntun kifi, za su san cewa akwai mai ciyar da gidan.

Ka dubi aikinka. Wataƙila gadi kake yi, ko ɗinki, ko sayar da garba. Ciniki ya yi ƙasa, gaskiya ne. Amma wa ya ba ka ƙarfin buɗe rumfa?

Ka dubi komowarka gida. Shekaru da yawa an san Indénié da ambaliya a lokacin damina. A daren 18 zuwa 19 ga Yuni 2018, ruwan sama ya ci rayukan mutane kusan 20 a Abidjan. Mutum ya fita da safe ya komo da yamma lafiya, wannan ba ƙaramin alheri ba ne, sabo ne ya sa muke raina shi.

Godiya ba ta hana mu kawo kukanmu gaban Ubangiji. Bulus da Sila suna kurkuku a Filibi, da raunukan bulala a jikinsu, suka yi addu'a, suka kuma raira yabo da tsakar dare. Ba sai wahala ta wuce za ka gode ba.

Abin yi: Daren yau, kafin a kwanta, ka tara iyalinka. Kowa, har ƙaramin cikinku, ya ambaci abu ɗaya da Allah ya yi masa yau. Ku yi haka kwana 7.

Addu'a: Ya Uba, na karɓi alheranka da yawa na wuce da sauri. Ka gafarta mini. Ka koya mini in juyo in gode maka, a gida da wurin aiki. Cikin sunan Yesu, Amin.