Karatun Jami'a Ta Hanyar Aikin Soja: Nazari Daga Ƙasar Gobir

Abin da wannan maƙala za ta duba shi ne yadda ɗan talaka ke samun ilimi mai zurfi ta hanyar shiga soja, da kuma abin da yake biya a madadin kuɗin makaranta. Mun zaɓi Sabon Birni da Isa ne domin nan ne tambayar ta fi nauyi a yau.

Kamar yadda aka sani, Gobirawa ba baƙi ba ne a fagen fama. Sunan Bawa Jangwarzo bai gushe daga bakin makaɗa ba, kuma kufan Alƙalawa, wadda aka ci a 1808, yana nan cikin ƙasar Sabon Birni. Amma mayaƙin wancan zamani doki da riga da ganima yake samu daga ubangidansa. Haɗa yaƙi da karatun boko abu ne da ya zo da Turawa. Hausawa da yawa da aka kai Bama a Yaƙin Duniya na Biyu a bariki suka fara riƙe fensir, suka komo gida da kalmomi irin su kurtu da kofur da saje da samanja da fareti, waɗanda yanzu suka zama 'yan gida a Hausa. Wannan kaɗai ya ishi ɗalibin harshe nazari, amma ba shi ne gabanmu ba.

A duniya hanya biyu ake bi. Ta farko ita ce ta Amurka, watau a yi aiki tukuna sannan a yi karatu. A 1944 Shugaba Roosevelt ya sa hannu a kan dokar da ta ɗauke wa tsofaffin sojoji kuɗin makaranta da na ciyarwa, har fiye da mutum miliyan 2 suka shiga jami'o'i da kwalejoji ta dalilinta. An yi wata sabuwa mai kama da ita a 2008.

Nijeriya kuwa ta biyun ta fi bi: a yi karatu tukuna, a biya da aiki daga baya. Makarantar Horon Hafsoshi ta Kaduna, wato NDA, an kafa ta a 1964, a gurbin kwalejin horon soja da ta gabace ta, wadda Muhammadu Buhari ya shiga a 1962 daga sakandaren Katsina. A wancan lokaci shugabannin Arewa da kansu suke bin makarantu suna kwaɗaita wa yara aikin, tun da a 1961 an keɓe wa Jihar Arewa rabin guraben hafsoshi. Daga 1985 makarantar ta soma ba da digiri. Ɗalibi yakan yi shekara 5, huɗu na karatu gauraye da horo, ɗaya ta horon soja zalla. Gwamnati ce ke ciyar da shi, ta tufatar da shi, ta ba shi ɗan alawus, ranar da ya gama kuma ya fito da digiri da anini a kafaɗa da albashi na jiransa. Ga uban da gero da awaki ne dukiyarsa, babu jami'ar da ta kai wannan sauƙi.

To, sai dai ƙofar ƙunci gare ta. Dole yaro ya ci darussa 5 a jarrabawar gama sakandare, ciki har da Turanci da Lissafi, ya ci ta JAMB, ya tsallake ta makarantar, da gwajin lafiya da na ƙarfi, kuma guraben ana raba su ne jiha jiha. Nan ne ɗan Isa da ɗan Sabon Birni ke shan kaye. Gurbin na Jihar Sakkwato ne baki ɗaya, saboda haka da ɗan birni zai yi takara, alhali shi 'yan bindiga sun tashi ƙauyensu, makarantarsu ta daɗe a rufe, wasu iyalan ma sun ƙetara Nijar gudun hijira. A ganina raba gurabe da sunan jiha bai warkar da wannan ciwo ba, ya dai rufe shi ne.

Wanda ya rasa wannan ƙofa yakan nufi Defo ta Zariya ya shiga a kurtu, da niyyar ya tara albashi ya nemi izinin ƙaro karatu daga baya. Wani ɗan'uwana haka ya yi. Shekara 6 ke nan takardunsa na cikin akwati, domin daga wannan daji sai wancan ake tura shi.

Saura batun farashi, wanda masu kwaɗaitarwa ba su cika faɗi ba. Ɗalibin da ya karɓi rancen karatu na gwamnatin tarayya, wanda aka soma bayarwa a 2024, kuɗi ake binsa. Shi kuwa hafsa shekarunsa ya jinginar, ba ya ajiye aiki sai an yarje masa, kuma ba shi ke zaɓen inda za a kai shi ba. A watan Agusta na 2021 'yan bindiga sun shiga NDA kanta, suka kashe hafsoshi 2, suka tafi da ɗaya. Wata guda bayan haka aka auka wa sansanin jami'an tsaro a Burkusuma, cikin ƙasar Sabon Birni, aka yi asarar rayuka. Iyaye a wannan yanki sun ga gawar soja da idonsu, don haka in uwa ta ƙi sa wa ɗanta albarka ya cike takardar, ba jahilci ne ya hana ta ba.